Turken Nea Pandele

"Sauke tukunyar nan, Anghel."

"Ya kusa nuna."

"Ban tambaye ka ko ya nuna ba. Cewa na yi ka sauke."

Anghel bai juyo ba. Ya ci gaba da tuƙi, tuwon masarar na huci yana tofa masa zafi a bayan hannu. Gari bai gama wayewa ba, amma har gumi ya jiƙa masa singileti. Yayarsa Ilinca na tsaye a ƙofar kicin ta harɗe hannuwa a ƙirji. Tunda ta baro aikin jinyar tsofaffi a Italiya ta dawo jinyar ubansu, haka take tsayuwa a kan kowa.

"Ranar Lahadi kana wurin taron," ta ce. "Da kunnenka ka ji matar ofishin ruwa. Ta ce kifi kaɗan yake ci, sauran taki ne kuke zuba wa tafki. Ta ce a daina har sanyi ya shigo. Kowa ya ɗaga hannu. Kai ma ka ɗaga."

"Na ɗaga."

"To?"

"Nea Zamfir ma ya ɗaga. Hannu biyu ma ya ɗaga, don a gani. Jiya da yamma matarsa ta sayo buhun garin masara. Su biyu ne a gida, ba kaji, ba alade. Biki za su yi?"

"Ina ruwanka da buhun Zamfir?"

"Ni ba ruwana. Baba ne da ruwa."

Ta yi tsaki. Ya zuba dafaffiyar masara da tunkuza a cikin tuwon, ya juya, ya sauke, ya soma dunƙulawa da hannu yana jerawa a bokiti.

Dokar tafkin ƙauyen ba a rubuce take ba, kuma ba wanda bai san ta ba. Wanda ke ciyar da kifin wani wuri, shi ke da wurin. Mai fatsa zai kafa turkensa a ruwa daura da dandamalinsa na katako, kullum da safe ya jefa wa kifi tuwo a gindin turken, don su saba da zuwa nan. Muddin yana jefawa, ko limamin coci bai isa ya wurga ƙugiya a wurin ba. Amma in motar haya ta safe ta tsallake kan madatsar ruwa ba a ciyar da wuri ba, duk wanda ya riga jefa dunƙulensa a gaban mutane ya gaje shi, har da katakon. Wurin ubansu Pandele, wanda ake ce wa Nea Pandele kamar yadda ake girmama dattawa a ƙauyen, ƙarƙashin tsohuwar bishiyar da ke rusunawa kan ruwa, shi ne mafi zurfi da inuwa a tafkin duka. Tun kafin a haifi Anghel yake riƙe da shi. Ranar da aka binne uwarsu ma sai da ya je ya jefa, da baƙar kwat a jikinsa. Da ɓarin jikinsa ya shanye a farkon bazara, bokitin ya koma hannun Anghel.

"An ce a daina jefawa," in ji Anghel, "ba a ce wuri zai tsaya wa mai shi ba. Na tambayi Dom' Traian a gaban kowa. Shugaban ƙungiyar masu fatsa guda. Kin san me ya ce? Wai dokar da ba a rubuta ba, ba shi da ikon dakatar da ita."

"Tsofaffin banza. Su kashe tafki a kan sanda guda."

"Je ki faɗa wa Baba sanda ce."

"Zan faɗa masa ai. Zan faɗa masa ruwan ya zama miyar ganye, yana wari kamar masai. Kai ne kake ɓoye masa."

"Ki faɗa masa, ki ga ko zai ƙara haɗiye miki cokali ɗaya."

Sai ga bugun sanda a bango daga ɗakin ciki. Ƙamshin ya tayar da ubansu. Anghel ya ɗauki dunƙule ɗaya ya shiga.

Nea Pandele na kwance, ya rame har gadon ya yi masa yawa. Ya miƙo hannun da ke motsi. Anghel ya ɗora masa dunƙulen a tafi. Tsohon ya matsa da babban yatsa, ya kai hanci, ya lumshe ido. Tun da ciwon ya same shi bai tambayi gonar inabi ba, bai tambayi jikokinsa da ke Turin can Italiya ba. Wannan kaɗai yake farkawa dominsa.

"Tafar... nuwa," ya ce, kalmar na zamewa ta gefen bakin da ya karkace.

"Na sa, Baba."

"Kaɗan."

"Gobe zan ƙara."

Ilinca na jingine da ƙofa. Da ya zo wucewa da bokitin, ta matsa masa ba tare da ta dube shi ba.

Warin tafkin ne ya fara tarar shi tun daga bayan maƙabarta. Ya jingine keke a jikin bishiyar, ya hau dandamalin, ya tsaya.

Ruwan kore ne shar, mai kauri, kamar an kwarara fenti. Gansakuka ta taru a gindin kacalla ta yi kumfa. Ba iska. Sama a rufe take da wani gajimare mai launin toka wanda ba ruwa a cikinsa. Sai wata ƙara da bai taɓa ji ba, ƙasa-ƙasa, ta ko'ina, kamar ɗaki cike da mutane suna kurɓar miya mai zafi. Ya sunkuya ya duba. Bakuna ne. Ɗaruruwan bakunan kifi a saman ruwa, suna buɗewa suna rufewa. Manyan da ubansa kan kwana uku yana dako bai ga ko bayansu ba, ga su nan dab da ƙafarsa, in ya so da hannu zai ɗauka.

Kowane dandamali da mutum a kai. Ba wanda ya zo da sandar fatsa. Duk sun zo kallo ne kawai, in ji fuskokinsu. Amma wannan ya ajiye jaka a tsakanin ƙafafunsa, wancan ya yafa kwat a kan wani abu mai siffar bokiti, a irin wannan zafin. Can ƙarshe Dom' Traian, wato Malam Traian, tsohon malamin lissafi, na tsaye ya goya hannu a baya.

Turken ya ɗan karkace. Anghel ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya sauka don ya miƙar da shi. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ta nutse cikin wani abu mai laushi da ɗumi har gwiwa, kumfa ta taso bul-bul da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya tura hannu ya damƙo. Baƙin taɓo ne, cike da ƙwayoyin masara da suka kumbura suka yi fari. Nasa ne. Na jiya, na makon jiya, na watan jiya, da na ubansa a ƙarƙashinsu. Ba wanda ya ci. Ya tsaya yana kallon tafin hannunsa, ya tuna matar ofishin ruwa da kwalbarta: abin da ya ruɓe a ƙasa shi ke ciyar da koren, koren kuma da dare shi ke shanye iskar da kifi ke shaƙa. A wurin taron maganar ta yi masa kama da karatun makaranta. Yanzu tana ɗiga ta tsakanin yatsunsa.

Ya hau, ya tura bokitin ƙarƙashin benci da ƙafa, ya zauna. Ba zai jefa ba.

"Ɗan Pandele! Wanka ka zo yi?"

Nea Zamfir ne, daga dandamalin da ke kusa, wanda ke cikin rana, ruwansa bai wuce ƙugu ba. Gajere ne, da hular sanyi ko a lokacin zafi, da haƙori ɗaya na ƙarfe.

"Ina kwana, Nea Zamfir."

"Lafiya lau. Yaya tsohon ɓarawon? Yana ci?"

"Yana ci."

"Ka gaishe shi. Ka ce ina zuwa duba shi, in na samu hanci mai jure warin tafarnuwa." Ya tofar da yawu. "Me ke cikin bokitin?"

"Ba komai. Me ke cikin aljihunka?"

"Hannuna."

"Hannun naka ya kumbura."

Wani daga can ya yi dariya, ya yi saurin mayar da ita tari. Zamfir ya fito da hannun. Dunƙulen tuwo ne, rawaya, sumul. Ya soma cilla shi sama yana cafewa.

"Karin kumallona ne," ya ce. "Likita ya ce in riƙa ci a bakin ruwa."

"Mun ɗaga hannu, Nea Zamfir."

"Mun ɗaga. Ni ban jefa komai ba. Ka ga na jefa?"

"Dubi kifin. Dubi su, don Allah. Mutuwa suke."

"Na gan su. Idona bai shanye ba." Ya daina cilla dunƙulen. "Yaro, ka taɓa tambayar ubanka yadda aka yi wurin nan ya zama nasa?"

Anghel ya girgiza kai.

"Ni na kafa turken farko a nan. Ni na sare kacallar, na kwashe duwatsun. Safiyar da matata Florica ta fara naƙuda, na ɗora ta a amalanke na nufi asibiti. Yaron bai zo da rai ba. Na dawo na tarar da ubanka zaune inda kake zaunen nan, ya miƙe ƙafa. Ya cire hula ya yi mini ta'aziyya. Sannan ya ce doka doka ce." Ya yi murmushi, haƙorin ƙarfen ya bayyana. "Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa ban taɓa yi masa gardama ba. Jira kawai nake."

"Ni ban san wannan ba."

"Ba laifinka ba ne. Zauna abinka. Kai yaron kirki ne, ka ji maganar hukuma."

Daga nesa, bayan gonakin da rani ya ƙona, ƙura ta tashi. Motar safe ce. Duk tafkin ya juya ya dube ta, sannan kowa ya dubi maƙwabcinsa.

"Dom' Traian!" Anghel ya ɗaga murya. "Ka yi magana mana! Ka ce yau ba wanda zai rasa wuri!"

Tsohon malamin ya gyara tabarau. "Anghel, ɗana, na riga na yi bayani. Ƙungiya na da iko ne a kan abin da ƙungiya ta..."

Ƙarar injin ta haɗiye sauran. Motar ta karyo kwana, ta rage gudu don hawa madatsar. Zamfir ya matso gefen katakonsa, ya gyara tsayuwa, ya ja hannu baya kamar yaro mai jifan kare. Bai dubi ruwa ba. Anghel yake kallo.

Anghel ya ga hannun ubansa yana matsa tuwo da babban yatsa. Ya ga kansa tsaye a bakin gadon gobe da safe, hannu wayam. Bai san lokacin da ya jawo bokitin ba. Dunƙulen farko ya faɗa gindin turken tim, koren ya buɗe ya rufe. Kifayen ba su ko watse ba. Ya jefa na biyu, na uku, sannan ya ɗaga bokitin ya juye sauran gaba ɗaya, don kada wani ya ce bai gani ba.

"Na shaida," in ji Zamfir. Ya juya ya jefa nasa a gindin nasa turken.

Shi ke nan. Kwat ta sauka daga kan bokiti, jakunkuna suka buɗe. Tim, tim, tim, daga wannan gaɓa zuwa waccan, kowa na sauri kada motar ta kai ƙarshen madatsa. Dom' Traian ya ɗaga kai yana nazarin gajimare, hannuwansa na baya suka saki wata leda, ta gangara cikin ruwa. Direban ya danna hon kamar kullum ya wuce.

Ba wanda ya yi wa wani sallama. Anghel ya ɗauraye bokitin a ruwan da ya fi bokitin datti, ya hau keke.

A shagon faci da yake aiki, a bakin babbar hanya, ranar ta ƙi tafiya. Rana ba ta fito ba, iska ba ta motsa ba. Ya cire taya ya mayar da taya. Ya wanke hannu da omo sau da yawa, warin na nan a ƙarƙashin farce. Maigidansa ya tambaye shi ko ya taka mushe ne. Bayan azahar wani mai tarakta ya tsaya shan iska a taya, ya ce, "Ba daga ƙauyen tafki kake ba? Ku je ku kwashe abinku, ƙudan duniya sun taru a can."

Ya ajiye sifana bai nemi izini ba.

Tun daga kan madatsa ya ga tafkin ya canja launi. Fari ne yanzu. Cikkunan kifi ne a sama, gefe da gefe, manya da ƙanana, har ba a ganin koren sai a tsakaninsu. Ƙarar kurɓar nan ta safe ta ɗauke. Shamuwa biyu na tsaye a gaɓa ba su taɓa komai ba.

An kawo injin ban ruwa yana feso ruwa sama don iska ta shiga, amma kowa ya san an makara. Mutanen safe duk suna nan, sun ɗaure hanci da ƙyalle, suna jawo kifi da manjagara suna lodawa a tirelar tarakta. An haƙa rami a bayan kacalla, an kawo buhunan farar ƙasa. Matar ofishin ruwa ta zo, ta cika kwalabenta, ta tsaya a kan wani dandamali tana kallon ledar da ke yawo a gindin turke, da ɓarɓashin tuwo a jikinta. Dom' Traian ya matso yana mata bayanin zafin bana. Ta saurare shi har ya gama, ta shiga mota ta tafi.

A ƙarƙashin bishiyar Pandele suka fi yawa. Nan suka saba zuwa, nan suka zo. Anghel ya karɓi manjagara ya shiga har ƙugu. Wasu sai ya rungume su da hannu biyu kafin ya iya ɗagawa. Akwai mai tsohuwar ƙugiya a leɓe, ta yi tsatsa, da guntun zare irin wanda ubansa ke ɗaurawa. Ya jefa shi tirela tare da sauran.

Ya ji ƙarar guduma. Zamfir ne ke ɓamɓare katakon dandamalinsa ɗaya bayan ɗaya, yana miƙe ƙusoshin yana zubawa a aljihu.

"Katako mai kyau ne," ya ce, ba tare da an tambaye shi ba. "Zai yi akurki." Ya dubi Anghel, ya dubi farin ruwan. "Wurin naku ne, ɗan Pandele. Ka riƙe shi da kyau. Ka ci nasara."

"Da ka yi shiru da safe..."

"Da na yi shiru, da wani ya yi magana. Kai dai ka jefa, na jefa. Kada ka ɗora mini bokitinka, nawa ya ishe ni."

Anghel ya koma jan kifi.

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da manjagaru suka soma tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga kai. Ilinca ce a kan madatsa, tana turo keken marasa lafiya, ƙafafun na tsalle a kan tsakuwa. Ta sa wa tsohon farar riga da hularsa ta zuwa kamun kifi. Anghel ya fito daga ruwa da gudu, taɓo na zuba daga wandonsa.

"Kin haukace? Me ya kawo shi nan?"

"Warin ya shiga har ɗakinsa," ta ce. "Tun rana yake dukan bango. Ya fasa kofi, ya ƙi magani. Me kake so in ce masa, masai ne ya fashe? Gara ya gani da idonsa a huta."

Ba ta tsaya ba. Ta gangaro da keken har kan katakon, ƙarƙashin bishiyar, ta taka birki. Mazan suka cire huluna kamar an shigo da gawa coci.

"Sannu, Nea Pandele."

"Ka ga jiki ya yi kyau, Nea Pandele."

Lafiyayyen idon tsohon ya bi ruwan a hankali daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ya bi tirelar, ya bi ramin. Ya tsaya a kan Zamfir, wanda ke tsaye da katako a kafaɗa, suka dubi juna, ba wanda ya kau da kai da wuri. Sannan idon ya dawo kan turken. Yana nan a miƙe, kifi sun kewaye shi, ruwa na ɗan kaɗa su suna bugunsa.

Anghel ya durƙusa a gefen keken.

"Wurin na nan, Baba. Na jefa kafin mota ta wuce. Kowa ya gani. Ba wanda ya karɓe."

Yawu ya gangaro ta gefen bakin tsohon, Ilinca ta goge da gefen hannun rigarta. Wani ya kashe injin ban ruwan, shiru ya sauka, sai ƙudaje. Leɓen Nea Pandele ya soma motsi. Mazan suka matso don su ji, har Zamfir, da katakonsa. Hannun nan mai rai ya lalubo wuyan rigar Anghel, ya riƙe, ya jawo shi kusa.

"Ka... jiƙa masarar gobe?"